Mutanen da ake nema kafin a sauke buhun siminti na farko

Ranar da na gane cewa ta tsakiya na faro ginin gidana, bango ya riga ya kai linta, kuma fiye da rabin kuɗin da na yi shekaru ina tarawa ya tafi. Wani abokin aikina ne ya matsa mini in kai injiniya ya duba aikin kafin a zuba dekin, tun da niyyata ita ce in ɗora bene a sama. Muka isa filin da hantsi, leburori suna kwaɓi, shugaban magina ya tare mu da fara'a. Injiniyan ya gaisa da kowa, ya zagaya ginin sau biyu bai ce uffan ba, sannan ya zaro makullin motarsa ya karce jikin wani bulo, sai ga yashi yana zubowa kamar an taɓa tsohuwar katangar ƙasa. Ya hau kan katako ya kama rodin da ya leƙo daga saman ginshiƙi, ya auna shi da wani ɗan ma'aunin ƙarfe da ya ciro daga aljihu, ya nuna mini da idona cewa rodin da na biya kuɗinsa a matsayin mai kaurin milimita 12 bai cika 11 ba. Daga nan ya nemi in ba shi zanen ƙarafa. Ba ni da shi, kuma har zuwa wannan safiya ban san cewa ana yin sa dabam da zanen ɗakuna ba. Ya ja ni gefe inda ma'aikata ba za su ji ba, ya ce: "Alhaji, wannan ginin zai ɗauki kwano, amma a yadda yake ba zai ɗauki bene ba, kuma ni ba zan sa hannuna a kansa ba."

Maginin nan dattijo ne, kawuna ne ya haɗa ni da shi, kuma har yau ban ɗauke shi macuci ba. Ya yi shekaru masu yawa yana gina wa mutane gidajen ƙasa da na bulo marasa bene, hannunsa yana da kyau, bangonsa a miƙe yake. Kuskuren daga wajena ya taso, domin ni ne na ɗora masa nauyin mutum biyar: shi ya zaɓi tsarin ɗakuna, shi ya yanke girman harsashi da yawan rodi, shi ya lissafa kaya, shi ya je kasuwa ya saya, kuma shi nake tambaya a ƙarshen mako ko aikin ya yi kyau. Ko waliyyi ka bai wa wannan matsayi ka shiga haƙƙinsa, domin ka mayar da shi alƙalin kansa. Masu bulo sun kawo masa abin da suka ga dama, mai rodi ya sayar masa da abin da ke shagonsa, babu kuma wani ido na biyu da zai ce a mayar.

Akwai dalilin da ya sa mu Hausawa muke saurin miƙa wa mutum ɗaya ragamar gini gaba ɗaya, kuma dalilin yana da asali. A ginin gargajiya gwani shi ne komai. Shi ya san ƙasar da za a haƙa, da kwanakin da za ta yi a jiƙe da ciyawa kafin a yi tubali, da nisan da azara za ta iya ketarawa ba tare da ta lanƙwashe ba, da yadda ake ɗaure baka ya ɗauki soro. Sana'a ce ta gado, mai shugabanci a ƙarƙashin Sarkin Magina, kuma ta fitar da mutane irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ginin da ya yi kusan shekara 190 kafin wani sashe nasa ya rufta a watan Agustan 2023. Amma ginin ƙasa yana nuna ciwonsa a fili: idan bango ya fara ci, ido yana gani, a yi masa yaɓe kafin damina. Kankare ba haka yake ba. Ƙarfinsa yana cikin rodin da aka binne a cikinsa, da adadin simintin da aka sa, da ruwan da ya sha bayan an zuba shi, kuma da zarar an zuba ya daskare, an yi fulasta an shafa fenti, ginshiƙi mai rodi huɗu ingantattu da mai rodi huɗu sirara kamanninsu ɗaya ne. Wannan ɓoyon shi ya raba aikin gini zuwa sana'o'i da yawa, kowacce tana sa ido a kan 'yar'uwarta. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021, ya kashe fiye da mutum 40, an samu cewa kamfanin injiniyoyin da ya faro aikin ya rubuta takardar janye hannunsa tun a 2020. A nan Kano ma mun ga benen da ake ginawa a titin Beirut ya zube a watan Agustan 2022. Gidan mutum ɗaya bai kai waɗannan girma ba, amma nauyin dekin ɗaya ya isa ya hallaka iyali.

Da zan sake farowa, mutanen farko da zan nema ba su da alaƙa da siminti ko kaɗan. Lauya ne da safiyo. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake riƙewa shi ne haƙƙin zama a kanta, galibi na shekara 99, kuma sayar da filin da ke da takardar shaidar mallaka yana buƙatar amincewar gwamna. Yawancinmu a gefen gari filayen awon igiya muke saya, wato gonar da mai ita ko magadansa suka yanka da kansu, da shaidar mai unguwa da dillali da maƙwabta. Shaidar mai unguwa tana da muhimmanci, ni ma da ita na saya, amma ba ta gaya maka ko gwamnati ta riga ta shata hanya ta kan filin, ko yana ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko kuwa akwai wata 'yar'uwa a cikin magada da take aure a wani gari ba a nemi yardarta ba. Lauya shi zai bincika rajista a ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, ko KADGIS ga mutanen Kaduna, ko AGIS ga na Abuja, ya kuma rubuta yarjejeniyar ciniki da za ta tsaya a gaban kotu. Dillali la'adarsa yake nema, kuma la'ada ba ta fitowa sai an yi ciniki, saboda haka bai dace a ɗauki maganarsa a matsayin bincike ba. Safiyo mai rajista da SURCON, hukumar masu awon ƙasa, shi zai auna filin ya kafa duwatsun iyaka masu lamba, domin taku biyu da ka shiga cikin filin maƙwabci a rashin sani za su iya jawo rushe bangon ɗaki bayan shekara goma. Ya kamata kuma a je filin a watan Agusta, lokacin da ruwa ya kankama, a tambayi tsofaffin unguwa abin da ke wurin a da. A Kano an cike kududdufai masu yawa da shara da ɓaraguzai an mayar da su filaye, kuma da rani ba ka bambanta su da ƙasa mai tauri.

Bayan abin da ya faru na dakatar da aiki na nemi mai zanen gini na gaskiya. Zanen da muka faro da shi wani yaro ne a shagon kwamfuta ya fitar mana, ya canza sunan da ke jikin na wani ya sa nawa. Wanda na samu daga baya mai rajista ne da ARCON, hukumar da aka kafa tun 1969 domin tantance masu wannan sana'a, kuma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi karatu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne a zamanmu na farko bai zana komai ba. Tambayoyi ya yi ta yi. Ya tambaye ni ko mahaifiyata za ta zauna tare da mu, da na ce haka ne sai ya ce to ɗakinta a ƙasa zai kasance, kusa da banɗaki, ba tare da matakala ko ɗaya ba. Ya tambayi inda baƙi maza za su shiga ba tare da sun ratsa ta cikin iyali ba, da inda za a ɗaure ragon layya a yanka shi a wanke wurin, da inda mata za su zauna ranar suna. Ya lura da alƙibla wajen ajiye masai. Ya rage tagogin da ke fuskantar yamma saboda zafin ranar la'asar a watannin Maris zuwa Mayu, ya ƙara wa rufin gabas baki saboda daga can hadari yake tasowa da iska, ya kuma ɗaga tagogin bene na ɓangaren da ke kallon tsakar gidan maƙwabcina yadda mai tsayuwa a ɗaki ba zai hango iyalin mutane ba. Wannan na ƙarshe ban taɓa tunaninsa ba, alhali shi ne irin abin da yake raba maƙwabta har 'ya'yansu su gaji gabar.

Sannan ya ce ba zai kammala zanen ba sai ya ji ta bakin uwargida. Na faɗa mata, ta zauna da takardar kwana biyu, ta dawo da gyare-gyaren da ni da shi ba mu hango ba. Ta ce kicin ɗin da aka sa a tsakiyar gida ba shi da ƙofar fita tsakar gida, kuma ranar da gas ya ƙare ko aka yi taro dole a hura gawayi ko itace a waje, to ta ina za a riƙa wucewa da tukwane? Ta nemi sito mai iska inda buhunan hatsi ba za su yi gumi ba, da wurin wanki da shanya inda rana take kaiwa, da famfo a kusa da ƙofar shigowa saboda yara masu dawowa daga makaranta da ƙura. Ta ce a bar tsakar gida da faɗi ko da falo zai ragu, domin a watannin zafi a nan ake kwana idan babu wuta. Ita ce take yini a gidan, ni kuwa fita nake yi da safe in dawo da magariba. Ina ganin babban rashi ne yadda maza da yawa suke gama gida su kai matansu su gani ranar tarewa, sannan a shekara ta farko a fara fasa bango ana buɗe ƙofofi.

Injiniyan da ya ƙi sa hannu shi na roƙa ya karɓi aikin. Na duba lambar rajistarsa da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Nijeriya tun 1970, kuma shi da kansa ya ce in duba, ya ce duk wanda ya ji haushin an nemi lambarsa to a bar shi. A wurin gini kowa injiniya ake kiran sa, har mai haɗa waya da mai gyaran janareta, saboda haka sunan kaɗai ba hujja ba ne. Ya sa aka haƙa ramuka a gefen harsashi a wurare uku domin ya ga zurfinsa da irin ƙasar da ya zauna a kai, ya kawo masu gwajin ƙasa suka ɗebi samfuri, sannan ya zauna da zanen ɗakuna ya lissafa nauyin da zai sauka a kan kowane ginshiƙi. Sakamakon bai yi mini daɗi ba. Sai da aka fasa bango a wurare da dama aka dasa sababbin ginshiƙai masu faffaɗan gindi da rodi mai milimita 16, aka rushe bangaye biyu da bulonsu ya fi lalacewa. Kuɗin wannan gyara ya ninka abin da zan biya injiniya da a ce tun farko na neme shi, ban da watannin da aka rasa. Da zanensa da na mai zanen gini muka kai wa hukumar tsara birane ta KNUPDA neman izinin gini, abin da ya kamata a ce an yi kafin a haƙa rami ko ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin jan fenti a jikin katangar wani ya san abin da rashin wannan takarda yake jawowa.

Mutumin da aka fi raina amfaninsa shi ne mai ƙididdigar kayan gini, wanda su ma suna da hukumar rajistarsu tun 1986. Ni ma da farko na ɗauka kashe kuɗi ne a kan lissafin da magini zai yi da ka. Abin da ya miƙo mini kundi ne da ya bi ginin daga haƙa har fenti: buhun siminti nawa harsashi zai ci, rodi nawa na kowane kauri, bulo mai inci 9 nawa da mai inci 6 nawa, tifar yashi da ta tsakuwa nawa, katako, kwano, waya, tayil, da ladan kowane mataki. Amfanin kundin ya bayyana ta hanya biyu. Idan aka ce mini siminti ya ƙare, ina da abin da zan duba in ga ko ya kamata ya ƙare. Sannan da farashi ya tashi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, har buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024, shi ne ya zauna da ni ya ware abin da ya wajaba a saya nan take da abin da zai iya jira. Ya ce in sayi rodi da waya in ajiye tun da ba sa lalacewa idan an kare su daga ruwa, amma kada in tara siminti na watanni domin yana shan danshi ya daskare a cikin buhu. Ya nuna mini inda ake rage kuɗi ba tare da haɗari ba, kamar tayil da ƙofofin ciki da adon silin, da inda ba a taɓawa ko da za a dakatar da aiki shekara guda. Gine-ginen da muke gani a gefen gari sun tsaya a linta ciyawa ta cinye su, da yawansu masu su ba su taɓa ganin jimillar kuɗin a rubuce ba kafin su fara.

Dattijon magini ban sallame shi ba. Na same shi a gidansa bayan sallar isha'i, na ce masa: "Baba, aikin yana hannunka, amma daga yau sayen kaya ya bar wuyanka, kuma ba za a zuba kankare ko kwano ɗaya ba sai injiniya ya gani." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "Ɗana, ka sauke mini kaya. Da ma ni bulo na iya jerawa." A manyan ayyuka ƙwararren mai kula da gini ake ɗauka, mai rajista da CORBON, hukumar ƙwararrun magina, kuma ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006 shi suka ɗora wa tafiyar da aiki a fili. Ni ƙarfina bai kai in ajiye irinsa kullum ba, sai muka yi yarjejeniya da wani matashi mai wannan karatu yana zuwa kwana uku a mako, injiniya kuma yana zuwa a matakan da ba a komawa baya: kafin a rufe harsashi, kafin a zuba ginshiƙai, kafin linta, kafin dekin. Abin da na riƙe shi ne mai dubawa daga aljihuna yake karɓar haƙƙinsa kai tsaye, ba ya bi ta hannun wanda yake dubawa, kuma ba ɗan'uwansa ba ne ko yaronsa.

Sauran masu sana'a, wato kafinta da mai ɗaurin rodi da mai wayarin da mai aikin famfo da mai walda da mai tayil, hanya ɗaya na bi wajen zaɓen su. Ban yarda da hoton waya ba, domin sabon aiki kowanne kyakkyawa ne. Na ce kowa ya kai ni gidan da ya yi aiki shekara uku ko huɗu da suka wuce, wanda damina ta bi ta kansa, in kuma gana da mai gidan shi kaɗai. A nan ne ake ganin tabon ruwa a silin, da tayil ɗin da yake ƙara idan an taka, da bangon banɗakin da ya jiƙe ta baya, a nan ne kuma mai gida zai gaya maka ko mutumin yana ɗaukar waya bayan an gama biyan sa. Mai wayarin da mai famfo tun kafin dekin ya kamata su shigo, saboda bututunsu a cikin kankare suke bi, kuma wanda ya kira su bayan fulasta zai ga ana sassare masa bango da kurfi. Mai wayarin da na ɗauka ya ware waya mai milimita 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, 4 ga na'urar sanyaya ɗaki, ya kafa sandar ƙasa mai kare mutane daga jan wuta, ya kuma raba layin da sola za ta ɗauka tun daga farko. Wayar jabu mai ƙarancin tagulla ta cika kasuwa, kuma gobarar da ake cewa daga wutar lantarki ta tashi sau da yawa daga irinta take farowa. Mai famfo kuwa shi ya ja hankalina ga abin da ya shafi unguwa duka. Fili mai ƙafa 50 a 100 bai wuce mita 15 a 30 ba, ana kuma son sokawe ya yi nisa sosai da rijiya ko burtsatse, to idan kowa ya haƙa nasa ba tare da ya tambayi na kusa da shi ba, sai ka tarar da sokawen wani yana jingine da ruwan shan wani, katanga ce kawai a tsakani. Sai da muka zauna da maƙwabta biyu kafin mu tsayar da wurin namu.

Akwai kuma mai gadi, wanda ba a lissafa shi cikin ƙwararru amma kaya na miliyoyi a hannunsa suke kwana. Na saya masa littafi, duk abin da ya shigo da abin da ya fita daga sito a rubuta, shi da mai kula da aiki su sa hannu. Na kuma kula da biyan sa a kan lokaci, domin barin mutum da yunwa a gaban buhunan siminti zalunci ne a kansa kafin ya zama asara a kaina.

Maganar rubuta yarjejeniya ita ce ta fi yi mini nauyi, saboda a al'adarmu neman a rubuta yana kama da rashin yarda. Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne tuna wa kaina da su cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma tsakanin muminai aka yi umarnin. Da kowane mai sana'a mun rubuta abin da zai yi, da kuɗin jinga, da matakan biya, da wanda zai ɗauki asara idan aka yi aikin da ya saɓa wa zane. Na fi son jinga a kan biyan yini, domin mai yini ba ya gaggawa, amma na lura cewa mai jinga kuma gaggawarsa takan yi yawa, shi ya sa jinga ba ta tafiya sai da mai dubawa. Kafin alƙalami kaɗan nake bayarwa, kuma ban bari kuɗi ya riga aiki ba. Mai ƙididdiga ya koya mini abin da ake yi a manyan kwangiloli, wato riƙe kashi 5 cikin 100 na ladan har wata shida bayan kammalawa, ni kuma na ce a wajena sai damina ɗaya ta wuce. A nawa ɓangaren na ɗaukar wa kaina cewa duk ranar da aka duba mataki aka amince da shi, a ranar zan biya, ba zan ce a dawo gobe ba. Lebura da abin da ya samu a yinin yake cefane.

Ina jin tausayin 'yan'uwanmu da ke aiki a Legas ko Saudiyya ko Turai suna turo kuɗi gida a gina musu. Yawanci ƙane ko yaya ake ɗora wa aikin, mutumin da bai san gini ba, yana da nasa buƙatun, kuma ba za a iya tuhumar sa ba tare da an taɓa zuciyar mahaifiya ba. Na ga gidajen da zumunci ya lalace a kan haka. Shawarar da nake ba su ita ce su ɗauki ƙwararren da za su iya sallama idan ya gaza, su biya masu kaya kai tsaye, ɗan'uwa kuma ya zama ido da wakili, a yanka masa ladan wahalarsa a fili. Hakan ya fi kare mutuncinsa a kan a damƙa masa kuɗi a zo ana zargi daga baya.

Ranar zuba dekin tun asuba injiniya ya iso. Ya hau sama da zane a hannu ya bi rodi layi-layi yana ƙirgawa yana auna tazara, ya sa aka ƙara 'yan ƙananan tubalan siminti da ake sakawa a ƙarƙashin rodi domin kankare ya lulluɓe shi ta ko'ina. Ya ɗebi yashi a kwalba ya zuba ruwa ya girgiza ya ajiye, bayan ya kwanta ya nuna mana siririn layin laka a sama, ya ce wannan tifar ta yi. Ya tsaya a bakin injin kwaɓi yana lura da awo, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, da kwanon sarki guda ake auna duka, ya hana a ƙara ruwa duk da leburori suna kukan kwaɓin ya yi tauri. Dattijon magini yana sama yana bin injin girgiza kankare kusurwa-kusurwa. Ba a tsaya ba sai bayan la'asar, sallah ma kashi-kashi aka yi ta. Kafin ya tafi ya bar umarni a rubuce: a riƙa shayar da dekin ruwa safe da yamma har kwana 7, kada a cire katakon da ke tallafe da shi sai bayan mako 3, domin kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Kafinta ya so ya kwashe katakonsa da wuri saboda wani aikin yana jiran sa, na biya shi hayar ƙarin kwanakin.

Mun tare kafin ruwan farko. A daminar nan taga ɗaya ta gabas ta riƙa shigar da ruwa ta ƙasanta duk lokacin da aka yi iska, kuma wani bututu a banɗakin bene ya yi ɗigo. Na kira mai tagogi da mai famfo, dukansu suka zo a cikin mako, suka gyara. Da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba na kira kowa na miƙa masa ragowar kuɗinsa, dattijon magini kuma na kai masa nasa har gida.